Farfelar Zakka

Zakka na cire wayar batir ke nan ya ji kukan farfelar iskar da ke yi masa cajin batirin rediyo ya canza. Wai shi dabara ya yi, kada hadarin da ya taso daga wajen ƙauyen Inkil ya ƙona masa batir. Ai kuwa dinamon tsohuwar lorin da ya ɗaure a kan azara, da ya ji ba abin da yake ja, sai ya haukace. Fukafukan da ya yanko daga durom suka shiga juyawa har ba a ganinsu.

"Baban Jesse, zai tsinke!" in ji matarsa Paulina.

Ya sani. Ya kuma san inda zai faɗa: tsakar gidan Malam Ladan, mai ɗakin da suke zaune a Ƙofar Wambai. Duk wannan wahala don unguwa ta ji bikin 'yancin kai a rediyo ne, ga shi tana neman zame masa masifa.

A cikin gari, namiji ba ya hawa sama sai ya yi shela mata sun shige ɗaki. Zakka mutumin kudu ne, a garinsu kowa na ganin tukunyar kowa. Ranar da ya kafa azarar haka ya ɗare abinsa yana fito, unguwa ta ɗauka. Malam ya tare masa faɗa, amma ya ce in aka kuma, sai dai ya nemi wani ɗakin.

"Za a hau sama! Mata a kauce!"

Iska ta kwashe muryar. Ya sake ƙwalawa, shi kansa bai ji ba. Azarar ta fara rangaji. Ya saɓa igiya ya hau. Ya kama jelar farfelar ya karkatar da ita daga iska, gefen kwano ya tsarge masa tafin hannu, ya ɗaure da kyar.

Da ruwa ya tsagaita aka aiko kiransa. Ya tarar da dattawa a zaure, kowa ya sha mur.

"Na yi shela, Baba. Allah ya sani."

"Ba wanda ya ji ka, Zakka. Ganinka kuwa kowa ya yi." Muryar Malam a sanyaye take, don yana son mutumin nan. Ya gyara zama, ya nuna masa mafita ɗaya da ta rage. "Amma na san kai mai kunya ne. Kanka na sama, ko? Ba ka ga komai ba."

Zakka ya gane sarai. "To" kawai zai ce, a tashi. Sai dai tsoron bai sake shi ba, bakinsa ya riga shi.

"Baba, a daina shimfiɗa jaririn nan a gindin katanga. Daidai wurin abin zai faɗo."

Malam Ladan ya rufe ido, ya daɗe.

"Jikana ne. Na gode," ya ce. "Ashe ka duba."