Bijimin Da Ya Ƙi Kwanciya

Ƙasimu Barau mahauci ne, ɗan mahauci. Shekara arba'in da huɗu yana fawa a unguwar Agege ta Legas, kuma doka ɗaya gare shi: ba ya ɗora wa bijimi wuƙa sai ya ga ya kwanta ya yi tuƙa. Dabbar da ta sha girgizar tirela tun daga Arewa, ko wadda aka firgita, in aka yanka ta a haka namanta baƙi yake fitowa, da danƙo, kafin la'asar ya soma wari. Wasu su yanka, su yayyafa ruwa, su sayar. Ƙasimu bai taɓa ba. Shi ya sa ya keɓe ɗan fili a bayan gidansa, da turke ɗaya, da rabin duro na zuba dusa.

Ranar Laraba aka sauke masa farin bijimi mai tozo. Na Alhaja Bilkis ne, mai dafa abincin taro, jikar wani tsohon soja da ya zauna a Legas tun zamanin Turawa. Ranar Asabar za ta ciyar da mutum ɗari huɗu a wurin addu'ar wani mamaci, kuma da ƙarfe bakwai na safe take son namanta. Shekara ashirin da shida tana saye a wurinsa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa buɗe buhu ta duba ba.

Ranar Alhamis da yamma bijimin ya soma cin dusa, ya soma shinshina ƙasa yana neman wurin kwanciya. Ƙasimu ya shafa wuyansa ya shiga gida.

Bayan katangar gidan akwai filin ƙwallo. Mako guda ana ta shigar da ƙarafa da katakai da lasifikoki, kowacce ta kai girman ƙofar shago. An ce bikin kiɗa za a yi na kwana uku. Ƙasimu bai kula ba. Ya ga biki iri-iri a garin nan.

Da ƙarfe goma suka fara.

Kiɗan ta ƙasa yake zuwa. Ya hau ƙafar gado, ya shiga ƙirjin mutum ya zauna. Kwanon rufi ya dinga karkarwa. Murfin tukunya yana rawa a kan tukunya. Jaririn maƙwabta ya fara kuka, ana ganin fitilarsu a kunne amma kukan ma da ƙyar ake ji. Matarsa Hansai ta ɗaure kunnuwanta da ɗankwali, ta juya dama, ta juya hagu, ta tashi zaune.

Ƙasimu ya ɗauki tocila ya zaga baya. Bijimin yana tsaye, ya ja igiya har ta miƙe, farin idonsa a waje. Ya zagaye turke har ya yi rami da kofato. Da suka harba wutar nan mai fashewa a sama, sai ya zabura ya daki katanga da ƙaho. Ƙasimu ya yi masa magana, ya sosa masa gindin tozo. Bai ko juyo ba. Haka suka tsaya su biyu har ƙarfe huɗu.

Da asuba sahu biyu aka yi a masallacin layin, wanda kullum biyar ake yi. Liman ya yi mantuwa a raka'a ta biyu. Da gari ya waye, wani direban danfo, motar haya, yana barci a kan sitiyari, fasinja suna buga masa ƙofa. Kowa ka gani idonsa ja, kowa yana neman wanda zai yi wa tsawa.

Bijimin bai taɓa dusa ba. Rana ta fito, filin ya yi shiru, amma ko kwano aka yar a tsakar gida sai ya zabura.

Bayan sallar Juma'a Ƙasimu ya sa babbar riga ya tafi filin. Aka haɗa shi da wata budurwa mai kati rataye a wuya. Sunanta Fareeda, haifaffiyar Legas, Hausarta rabi da rabi.

"Sannu Baba. Me ya faru?"

"Ku rage."

"Sori Baba, muna da takardar izini har ƙarfe huɗu. Oga ne kawai zai iya canza wani abu, kuma yana Ikoyi."

"Takardar ta ce ku hana unguwa barci?"

Ta buɗe jaka ta ciro wasu 'yan soso biyu, kamar ƙwayar gyaɗa. "Ki sa wannan a kunne, Baba, za ki yi barci."

Ya bar mata "ki" ɗin, bai gyara ba. Ya dubi abin a tafin hannunta.

"Kina da na bijimi?"

Ta yi dariya, ta zaci wasa yake. Da ta ga fuskarsa ta daina. Ya juya ya tafi.

A bakin ƙofar filin ya tarar da ɗansa Shamsu yana kafa tukubar tsire. Magidanci ne, da 'ya'ya uku, kuma daren jiya sai da namansa ya ƙare tas.

"Kai ma kana cikinsu," in ji Ƙasimu.

"Baba, ni nama nake sayarwa, ba ganga nake bugawa ba. Bijimin bai kwanta ba?"

"Bai kwanta ba."

"To a yanka shi haka mana. Alhaja miya za ta yi. Tattasai da manja, wa zai gane? Mutum ɗari huɗu, kowa yanka biyu."

"Ni zan gane."

"Ko mu je mayanka da asuba mu sayi wanda aka riga aka feɗe."

"Ka san inda ya kwana?"

Shamsu ya ci gaba da jera itace. Ƙasimu ya wuce.

Daren Juma'a ya fi na Alhamis. Sun ƙaro lasifika. Wani mai magana yana ta ihu cikin Turanci da Yarbanci, dubban mutane suna amsa masa. Ƙasimu ya shiga ɗaki, ya fita. Ya zauna a kan benci, ya miƙe. Ya jiƙa buhu ya rufa wa bijimin a ka, bijimin ya fizge. Ya tura masa auduga a kunne, ya kaɗa kai ta faɗi. Gumi yana bin cinyoyinsa, kumfa a bakinsa. Ƙasimu ya danna yatsa a cinyar, ya ji ta kamar katako.

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi Hansai ta fito, ɗankwali ɗaure a kunne, ta tsaya a kansa. Sai da ta ɗaga murya kafin ya ji.

"Malam, ka kai shi gidan Audi."

Ya yi kamar kiɗa ne ya hana shi ji.

"Ka ji ni sarai. Garkensa yana ƙetaren layin dogo, cikin kwari. Kiɗa ba ya kaiwa can."

"Ba zan je ba."

"To zauna ku mutu a tsaye, kai da shi."

Audi mahauci ne, tare suka zo Legas a bayan tirela ɗaya suna samari. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Audi ya yanka wani bijimi ranar da aka sauke shi, don sallah ta matso. Ƙasimu ya zo wucewa, ya ɗaga cinya daga teburinsa a gaban masu saye, ya ce, "Wannan naman gajiya ne. Kare ma sai ya yi tunani." Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba. In sun haɗu a jana'iza, wannan ya tsaya gabas, wannan yamma.

Aka sake harba wuta sama. Bijimin ya fizgi igiya, turken ya motsa a raminsa.

Ƙasimu ya shiga ɗaki ya sa hula.

Mutum ɗaya ba ya jan bijimi irin wannan. Igiya biyu ake sawa, ɗaya a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya, don in ya zabura na baya ya fizge shi. Ƙasimu ya kutsa cikin taron bakin filin, cikin hayaƙi da samari da 'yan okada masu babur, har ya isa tukuba. Mutane sun yi layi a gaban Shamsu.

"Zo ka riƙe mini ƙafa."

"Yanzu, Baba? Ka ga layi."

"Na gani."

Shamsu ya dubi layin, ya dubi ubansa. Ya ja tsaki a hankali yadda ba za a ji ba, ya ce wa mai tukubar kusa ya duba masa wuta, ya goge hannu a wando.

Suka fito da shi ta lungu. Sau biyu ya nemi ya kwasa da gudu, sau biyu Shamsu ya fizge ƙafar. A bakin titi wani ɗan okada ya kusa shiga tsakanin igiyoyin, ya zage su da Yarbanci, Shamsu ya rama masa da wanda ya fi shi. A layin dogo bijimin ya ƙi taka ƙarfe. Suka ja, suka tura, suka murɗa wutsiya. Numfashin Ƙasimu ya soma fita da ƙara. Da suka gangara kwari, kiɗan ya ragu, ya koma kamar ana daka a wani gida mai nisa.

Ƙasimu ya buga ƙofar langa-langa. Aka daɗe. Audi ya fito da zane a kafaɗa da fitila a hannu. Ya haska bijimin, ya haska Shamsu, ya haska Ƙasimu, ya bar fitilar a fuskarsa.

"Wa nake gani? Ko ɓatan hanya ne?"

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Shekara goma sha ɗaya sallamar nan tana hanya. Ta sha wuya."

"Wuri nake so. Ya kwanta zuwa asuba."

"Gidan mai naman gajiya? Kada in lalata maka shi."

Ƙasimu ya gyara riƙon igiya. Bijimin yana ta fizga.

"Kawu Audi," in ji Shamsu, "kafaɗata za ta cire."

"Kai ba ruwanka, ɗana. Shigo da shi."

Shanu biyar ne a garken, duk a kwance, suna tuƙa. Aka ɗaure farin a gefensu. Shamsu ya koma wurin tukubarsa da sauri. Tsofaffin biyu suka zauna a benci ɗaya, kowa a ƙarshensa. Audi ya ɓare goro, ya ci rabi, ya ajiye rabin a tsakiyar benci. Ƙasimu bai ɗauka ba. Yana ta duban agogo, yana ta duban bijimi.

Ƙarfe ɗaya, yana tsaye. Ƙarfe biyu, ya sha ruwa. Sai wajen uku da rabi ya lanƙwasa gwiwar gaba, ya yi nishi, ya zube.

Audi ya ce, "Ya kwanta. Dokarka ta cika."

Ƙasimu ya je ya tsuguna, ya danna cinyar. Ya daɗe a tsugune. Ya dawo ya zauna.

"Bai isa ba. Kwana biyu a tsaye, awa biyu ba ta gyara shi. Sai ya kwana uku."

"Na sani. Ina jira ne in ji ko za ka faɗa." Audi ya nuna wani jan bijimi da fitila. "Wancan tun Litinin yake nan. Girmansu ɗaya. Ka ɗauka, ka bar mini naka."

"Naka," in ji Ƙasimu, yana duban jan bijimin.

"Nawa. In kana tsoro, ka tambayi kare tukuna."

Ƙasimu ya tashi ya zaga jan bijimin. Ya duba ido, ya duba hanci, ya danna cinya, yatsa ya shiga ya fito. Ya so ya sami abin kushewa. Bai samu ba.

Bayan sallar asuba suka kai shi mayanka. Audi ya riƙe kai, Ƙasimu ya yi bisimilla ya yanka. Da aka feɗe, naman ya fito ja, tas, yana sheƙi. Audi bai dubi naman ba, fuskar Ƙasimu yake kallo.

Bakwai saura Alhaja Bilkis ta iso da motar kaya. Ta ga su biyun tsaye wuri ɗaya, ta tafa hannu.

"Ah-ah! Baba Ƙasimu da Baba Audi? Yau za a yi ruwa. Ku zuba mini, ina sauri."

Aka fara ɗaukar buhuna. Mahauta sun cika wurin, da masu saye, da masu wanke kayan ciki. Ƙasimu ya ɗaga hannu.

"Alhaja, tsaya. Buɗe ki duba."

"Yaushe na fara duba namanka?"

"Ba nawa ba ne. Nawa bai huta ba. Wannan na Audi ne." Ya ciro cinya ya ɗaga ta sama, yadda ya taɓa ɗaga wata, ya ƙara murya don na nesa su ji. "Na Audi ne. Ban yanka wanda ya fi shi ba a bana."

Alhaja ta danna naman, ta gyaɗa kai, ta ce a zuba. Mota ta tashi.

Audi ya wanke wuƙa, ya goge ta a zane. "A bana kawai?"

"Kada ka matsa."

Suka fito tare. Idon Ƙasimu kamar an zuba yashi. Daga nesa aka ji an taɓa lasifika ana gwaji, sau ɗaya, sau biyu. Saura dare guda.

"Ka kawo Hansai yau," in ji Audi. "Akwai ɗaki. Kai kuma ka kwana da bijiminka, kun saba."

Ƙasimu ya laluba aljihu, ya ciro rabin goron nan na kan benci, wanda ya ɗauke a ɓoye da za su tashi, ya jefa a baki.