Ɗakin Hansai da Digar Aro

Shekarar da kuɗin fetur ya tumbatsa, Halliru akawu ya gina ciki da falo na bulo da kwano a gidansu na Wudil, ya ja wuta, ya ja famfo, ya sayo firiji. Shi ke nan fa, ɗakin ƙasa na uwarsa Hansai ya fara tsone masa ido. Wai kunya yake ba shi gaban abokan aiki. Ya yanke magana cewa washegarin sunan ɗansa za a rushe, har diga ya aro ya jingine a bakin ƙofarta.

Abin ya ci wa Hansai rai ƙwarai, don a ɗakin ta haife shi, randar da ke ciki kuma da hannunta ta gina. Amma ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya musu da shi. Sai ta ci gaba da yayyafa wa yashin gindin randarta ruwa.

Ranar suna bazara ta ce ga ni nan. Kafin azahar kwalta ta narke har ta ƙwace wa maroƙi takalmi ɗaya. Taransifomar unguwa ta yi tari biyu ta mutu, fanka ta tsaya cak, firiji ya koma akwati. Famfo kuwa, da yake a sarari aka shimfiɗa bututunsa, ruwan da ya kawo sai dai a fige kaza. Turai ungozoma kaɗai ta sa wa gwamnati albarka, wai yau wankan jego ba sai an hura itace ba.

Dariya ta ƙare da aka duba jariri. Kwano ya ɗau zafi, yaro ya yi jajir, ya ƙi nono, kuka har muryarsa ta dushe. Halliru ya tsorata, sai fifita yake masa da jarida.

Sai ga Hansai ta taso. Ta saɓi jikanta ta shige ɗakinta, ta jiƙa zane da ruwan randa ta goge masa jiki. Kafin ka ce kwabo ya kama nonon uwarsa, ya yi barci. 'Yan suna suka cika ɗakin, moɗa na yawo hannu zuwa hannu. Can sai ga Halliru ya rakuɓe a bakin ƙofa, wai yaro ya zo dubawa. Moɗa uku ya shanye yana duba yaro.

Hansai ta dubi bango, kamar yadda ta saba in za ta yi masa magana, ta ce, "A gaya wa mai gidan bulo, masu rushewa su yi sammako gobe, kada rana ta taɓa su."

Halliru ya sunkuyar da kai. Ya miƙe ya saɓa digar a kafaɗa, ya tafi mayar wa mai ita cikin wannan rana, ko hula babu.