Golmon Malam Ishaya

Duk Zuru babu wanda ya kai Malam Ishaya sanin abin da zai dace da idon mutum, kuma in ba a faɗa ba shi zai faɗa da bakinsa. Malamin firamare ne, amma yana da ɗan shago a bakin kasuwa inda yake ba da hayar faifan fim da littattafai. Da an rufe makarantu hutun Kirsimeti, sanyi ya kankama, sai shagon ya cika maƙil. Mutum zai shigo bai ko buɗe baki ba, Ishaya ya dube shi sama da ƙasa ya miƙa masa nasa. Matan sojoji ya ba su fim ɗin Indiya, 'yan sakandare na faɗa, tsofaffi kuwa ya ce su koma gida su jira wasan kwaikwayon talabijin na ranar Asabar, ya fi musu. Da wuya ya yi kuskure, shi ya sa kansa ya ɗan kumbura.

Mutum ɗaya ne ya gagare shi, Saje Philip, tsohon soja, mahaifin Hannah. Ishaya yana son Hannah, ita ma tana son sa, amma duk sanda zancen turo magabata ya taso sai Saje ya ɗauko maganar golmo, noman nan da saurayi yake yi wa uban yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Saje ya yi nasa har hannunsa ya yi kanta. Ishaya kuwa karatu ya tafi, bai taɓa kama garma a gonar kowa ba. Ga Hannah ta zo hutu daga makarantar jinya a Birnin Kebbi, da sabuwar shekara za ta koma. Ga kuma wani kofur, ɗan abokin Saje, ya fara yawan kawo gaisuwa. Wannan ne ya hana Ishaya sakat.

Ana haka Saje ya faɗi a babur a hanyar Ribah, aka yi masa ɗori a ƙafa. Ya zauna a baranda yini guda yana faɗa da kaji. Ishaya ya je dubiya, ya durƙusa.

"Sannu da jiki, Baba. Na ji an ce zaman ya ishe ka."

"Kai ne mai hayar fim ko?" in ji Saje. "To tunda hannunka bai san garma ba, ga naka golmon. Kawo mini abin da zai ɗebe mini kewa. In ka kasa, kada in sake ganin ƙafarka gidanga."

Da ba'a ya faɗa, amma Ishaya ya karɓa hannu bibbiyu. A ransa ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Washegari ya sa aka fito da talabijin baranda, ya saka fim ɗin yaƙi, don a ganinsa soja sai harbi. Ba a yi nisa ba fuskar tsohon ta canja.

"Kashe," ya ce a hankali. "Na ga na gaske, na ƙarya mi zai yi mini?"

Kunya ta kama Ishaya sosai, don ya san ya taɓa inda bai kamata ba. Ya dawo da na barkwanci, gida duka aka yi ta dariya har da maƙwabta, Saje yana minshari. Ya kawo littafin tarihi mai kauri, Saje ya gode, ya ɗora ƙafarsa mai ɗori a kai.

Hannah ta tare shi a ƙofar gida. "Ishaya, hutu fa yana ƙarewa."

"Bar ni da shi," ya ce yana murmushi. 

Ranar da dabara ta zo masa, ba komai ya kawo ba. Yana zaune Mama Magdalene, uwar Hannah, tana tsintar wake da maƙwabciyarta Fadima, suna hirar wani yaron unguwa da aka daɗe ana ja masa rai a gidan budurwarsa. Saje yana kishingiɗe, ido a rufe, kowa ya ɗauka barci yake. Da hirar ta koma kan tsadar manja, sai aka ji muryarsa.

"To ƙarshe an ba shi ko ba a ba shi ba?"

Ishaya ya yi sallama ya nufi shago. Washegari da hantsi sai ga shi da wani ɗan littafin soyayya mai furanni a bango.

"Littafin 'yan mata ka kawo wa soja?" Saje ya daka masa tsawa.

"Ba naka ba ne, Baba. Mama zan karanta wa, idonta ba ya son ƙananan rubutu."

Ya zauna kusa da Mama ya fara, da murya mai kaiwa baranda. Labarin wani tela ne da yake son wata yarinya, ubanta yana ta gindaya masa sharaɗi, ya cika wannan a kawo wani. Saje ya juya musu baya. Can ya juyo. Kafin la'asar ya ce a ɗaga murya, kashegari kuma shi ya aika a kira Ishaya tun bai karya ba. In an zo inda telan ya sha wulaƙanci, sai ya yi tsaki ya ce a koma baya, bai ji da kyau ba.

Suka kai inda telan ya ɗaure kekensa zai bar gari, yarinya tana kuka, uban yana nan a kan bakansa. Ishaya ya rufe littafi.

"Ci gaba mana!"

"Nan na ɗaya ya ƙare, Baba. Na biyu bai fito ba tukuna."

Saje ya buga sandarsa a ƙasa har kaji suka watse. "Wanga tsoho azzalumi ne! Yaro na da sana'a, yaro na da ladabi, ɗiya na son shi, to mi ake nema kuma? Da a bariki ne da na sa an kulle shi gadurum!"

 Mama Magdalene ta sunkuyar da kai tana ta tsintar waken da ta riga ta tsince. Fadima ta toshe baki da mayafi. Daga kicin aka ji murfin tukunya ya suɓuce wa Hannah.

Saje ya dubi matan, ya dubi littafin, sannan ya ƙura wa Ishaya ido.

"Da gangan ka zaɓo wanga."

"Da gangan ne, Baba."

Tsohon ya gyara zaman ƙafarsa, ya daɗe yana sosa gemu.

"Ka gaya wa iyayenka su zo ran Lahadi in an taso coci," ya ce. "Ba zan zauna garinga yara su riƙa nuna ni suna cewa ga tsohon cikin littafi ba."