Gambar Iyakar Malam Sabo

"Malam Sabo Dingaya!" in ji magatakardan kotu, da ƙarfi kamar mai kiran wanda ke tsaye a bakin ƙofa.

Batulu ta waiwaya. Shekara uku ke nan da binne mahaifinta, an kuma daɗe da sa sunanta a madadinsa, amma sunansa ne a bangon fayil, shi kuwa magatakarda abin da ya gani a bango yake karantawa. Kowane zama sai ya kira, kowane zama sai ta waiwaya.

Shekara goma sha ɗaya ana wannan shari'a a babbar kotun Birnin Kudu. Maƙwabcinsu na gona, Badamasi, shi ya kai ƙara, wai Malam Sabo ya tuge layin gambar da ta raba gonakinsu ya matsar da ita taku bakwai cikin gonar Badamasi. Kotu ta hana kowa noma gonakin biyu sai an yanke hukunci. Malam Sabo, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa wa ɗalibai cewa mai cin iyaka da ƙasar a wuya zai tashi ranar alƙiyama, shi aka wayi gari ana nunawa da baki a kasuwar Gwaram. Gonar ba ta dame shi ba. Ranar da zai cika ya riƙe hannunta ya ce, "Batulu, kada ki bari a rufe takardar nan da sunana a ɓace." Tun daga nan take ganinsa a mafarki, a sunkuye, wuya ya yi nauyi.

Yau ce ranar hukunci, sai ga baƙuwar fuska a kan kujera. Tsohon alƙalin ya yi ritaya. Sabon alƙalin ya yi bayani a tsanake cewa ba zai iya yanke hukunci kan shaidar da bai ji da kunnensa ba, sai dai a faro daga farko. Magatakarda ya karanto sunayen shaidu huɗu. Duk wanda ya kira sai Batulu ta ce, "Allah ya jiƙansa." A na huɗu wata murya ta taya ta daga ɗaya bencin. Munzali ne, ɗan marigayi Badamasi, shi ma gadon ƙarar ya yi.

"To, kotu za ta je ta ga iyakar da idonta," in ji alƙali. Aka ɗage sai bayan damina.

Mota ɗaya ita da Munzali suka shiga daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ba wanda ya tanka wa wani. Da la'asar ta hau acaɓa zuwa Dingaya don ta duba abin da za ta nuna wa alƙali. Ta tarar Munzali ya riga ta.

Rabon wurin da fartanya shekara goma sha ɗaya. Gambar nan ta zubar da iri, ta haihu, ta mamaye gonakin biyu, ta fi mutum tsayi, iska na kaɗa ta.

"Malam Munzali, ina layin yake?"

"Wallahi, Malama, ke nake jira ki nuna mini."

Ta kutsa ciki tana buɗa ciyawar da hannu biyu, har ta daina ganinsa. Ko'ina gamba, ko'ina iyaka. Nan ta gane babu alƙalin da zai wanke mahaifinta, sai kuka ya ƙwace mata.

Da ta fito ta ce, "Ko ya ci ko bai ci ba, don Allah ka yafe masa."

Munzali ya ce, "Na yafe har abada. Ni ma nawa Baban ba ya barina in yi barci. Ki yafe masa."

"Na yafe."

Ta juya za ta tafi, ya ce, "Zaman kotun fa yana nan, bayan damina."

"Zan je," in ji ta. "Za su kira shi, ba na so a ji shiru."