Nono Babu Goyo

Shekarar da 'yan bindiga suka ci Mubi, gudu ya raba Dijatu da mijinta Zubair. Shi ya bi ta Sahuda ya faɗa Kamaru, ita kuma motar shanu ta sauke ta a Yola, gidan yayarta. Sai da damina ta zagayo suka sake haɗuwa a gidansu na Lokuwa, wanda ko ƙyaure ba a bar masa ba.

Dijatu ta dawo da abin da ba ta tafi da shi ba. Nononta na tsiyayar da ruwa fari fat, ita da tun aurenta ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Al'adarta ma ta ɗauke. Ta riƙa cusa tsumma a cikin riga tana yin shiru, don ta san bakin mutanenta.

Surukarta Dada Mairama, wadda kwarkwatar kan wani ba ta taɓa ɓace mata ba, ita ta ga rigar a jiƙe ana wanke-wanke.

"Ko nagge sai ta haihu take kawo nono," in ji tsohuwar, a gaban ɗanta. "Ina kika jefar da yaron?"

Dijatu ta yi ta rantsuwa har muryarta ta dishe. Zubair kuwa ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure, kuma wannan ya fi zagin yi mata ciwo.

Da ƙyar ta roƙe su aka je asibiti. Bayan gwajin jini, Likita Levi, mutumin Michika, ya zaunar da su ukun.

"Malam, matarka bai haihu ba, bai ma yi ciki ba. Matsala yana kai," ya ce, ya ɗora yatsa a goshinsa.

Ya yi bayanin cewa akwai wata 'yar tsoka ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadarin da ke sa nono ya kawo. In sinadarin ya yi yawa, nono ya zubo babu goyo, al'ada ta tsaya, ciki ya ƙi shiga. Da ƙwayoyi ana daidaita shi, har a haihu. Dijatu ta yi kukan daɗi a Keke Napep har gida. Ba ta san Dada tun daga yatsan nan ta daina saurare ba.

Kafin la'asar tsakar gida ta cika da 'yan uwa.

"Likita da bakinsa ya ce kanta ne ya taɓu," in ji Dada. "Har ya nuna."

"Dada, ba haka yake nufi ba! Ƙwaƙwalwa ce ke aika wa nono saƙo, shi ne..."

Matan suka dubi juna. Wata ta ja 'yarta kusa da ita. Duk ƙarin bayanin da Dijatu ta yi, ƙarin shaida ya zame musu.

Ta juya ga mijinta, hawaye na zuba. "Malam, kana wurin. Faɗa musu."

Zubair ya kau da kai.

"Da abin da muka zata ne, Dijatu, da na haƙura na rufa miki asiri," ya ce. "Amma wannan, Dada ta ce ana gadonsa. Ki je wurin yayarki tukuna."