Wankan Kulu

"Mu'minatu, har yanzu ruwan ga bai yi ɗumi ba?"

Karo na biyu ke nan Malam Namadi yana tambaya daga bakin zaure. Da tuni ruwan ya yi, ni ce na janye itacen daga ƙarƙashin tukunya, na bar guda ɗaya jiƙaƙƙe yana ta hayaƙi.

"Itacen ne ɗanye, Malam. Yanzu shi kama."

"An gama ginar kabari tun ɗazu. Ku hanzarta."

Kulu tana kwance a ɗakinta, an lulluɓe ta da zanen da take zuwa suna da shi. Ta cika ne bayan an fito sallar asuba, kanta a kan cinyata. Shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya ce tsakanina da ita a unguwarmu a Tambuwal. Katangar ma ta zube daga gefe tun wata damina, muka ƙi gyarawa, ta nan muke miƙa wa juna garwashi da gishiri. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce, gidan ya koma hannun wansa, Malam Namadi. Shi ne mai magana a ranar. Ni kuwa wanka aka ba ni, don ni ke yi wa matan unguwa.

Ranar Lahadi tana yanka kuɓewa za ta shanya zazzaɓi ya kayar da ita. Ɗanta Mannir ya kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, aka dawo da ita. Tun a ranar ta kama hannuna ta ce, "Kar wanda ya gaya ma Nasiha. Hanyar ga ta ɓaci, ga ta da ciki wata bakwai. In ta ji, babur za ta hau."

Nasiha ita ce autarta, tana aure a Kebbe. Lokacin da ubanta ya rasu ruwa ya datse hanya, sai da ta kwana uku kafin ta iso. Ta tarar da ƙasa kawai. Tun daga nan duk zuwan da za ta yi sai ta tayar da maganar, ta ce ko fuskarsa ba ta gani ba.

Ranar Talata ta kira wayata. Ta ce, "Gwaggo, Inna ba ta ɗauka. Lafiya dai?"

Na dubi Kulu, tana girgiza mini kai daga kan katifa. Na ce, "Lafiya lau. Mura ce, ta yi barci."

Ta ce, "Kin tabbata, Gwaggo?"

Na ce, "Ni zan yi miki ƙarya?"

Wannan ita ce maganar da na yi da bakina. Ranar Alhamis da safe Mannir ya kira ta ya faɗa mata uwarta ta rasu. Mijinta Sirajo ya ɗauko ta a babur ƙarfe bakwai. Malam Namadi ya ce jana'iza ƙarfe goma, wanda ya samu ya samu.

Ba mugunta ba ce ta sa shi. Gawa ba a ajiye ta, kowa ya san haka, ni ma na sani fiye da kowa. Ga shi kuma makon yankan gero ne. Duk mutanen da ke zaune a kan tabarmi a ƙofar gida sun baro zangarniya zube a gona, ba a ɗaure ba. 'Yan'uwa daga Jabo da Dogon Daji sun iso tun hantsi, su ma haka suka baro nasu. Gabas kuma ta fara yin baƙi. In ruwan ƙarshen damina ya sauka a kan geron da ke ƙasa, sai ya yi baƙi ya fara tsiro, abincin shekara ke nan. Shi kansa Malam Namadi geronsa gaba ɗaya yana kwance.

Amma in na ɗaure likkafani aka fita da ita, shi ke nan. Mata ba sa bin gawa maƙabarta.

Zahara'u, matar Mannir, ita ke taya ni. Yarinya ce, ba ta taɓa ganin wankan gawa ba. Na ce ta tafi bayan gari ta samo mini ganyen magarya.

"Gwaggo, ai ga shi nan an kawo."

"Wanga ya bushe. Ɗanye nika so."

Ta dube ni, ta dubi ganyen. Ta soke wayarta a zane ta fita ta wurin zubabbiyar katanga. Da ta dawo ta daka shi a turmi, a hankali, kamar mai tsoron ta da jariri. Ta raɗa mini cewa ta samu Sirajo. Suna bakin rafi, ruwa ya kai ƙirji, ana jiran masu ɗaukar babur a kafaɗa.

"Ita fa?"

"Ya ce ta ce za ta shiga da ƙafarta."

Muka shiga da ruwa. Na rufe Kulu daga ƙirji zuwa gwiwa, na naɗe hannuna da tsumma, na yi bismilla. Jikinta bai yi sanyi sosai ba. A tafin hannunta har yanzu akwai kanta ta murza ƙuli-ƙuli, da ɗan yankan wuƙa na ranar Lahadi a babban yatsa. Na yi mata alwala, na fara da dama. Na wanke sau ɗaya, na wanke sau biyu, na wanke sau uku. A nan nake tsayawa kullum.

"Kawo wani ruwan," na ce.

Ana iya yin biyar, ba laifi ba ne. Na yi biyar. Ina yi ina ce mata a zuciya, yi haƙuri Kulu, na san kina son tafiya, ke kika sa ni a ciki.

Daga tsakar gida muka ji muryar Mannir. "Gwaggo, Baba ya ce goma ta wuce."

"Ce mishi kitso muka tsefewa."

Wannan gaskiya ne. Kitson Kulu ƙanana ne, ni na yi mata su da hannuna mako biyu kafin nan, muna zaune gindin darbejiya tana yi mini tsiya wai hannuna ya tsufa, ina ja kamar mai tuge gyaɗa. Na ɗauki tsinke na fara tsefewa ɗaya bayan ɗaya. Zahara'u ta kai hannu za ta kama ɗaya gefen, na ture hannun. Ashirin da shida ne. Na ƙirga su, don ba ni da wani abin da ya rage bayan su.

Ina kan na sha tara iska ta taso. Ta kwashe faifai daga kan rumbu, kwanon rufi ya fara ƙara. Daga waje na ji wani ya ce, "Malam, mu dai a yi muna afuwa," na ji an ta da babur, sannan wani. Mutane sun fara tafiya, ba su sallaci Kulu ba. Wannan ya soke ni, don ni na ja mata. Matar da ba a taɓa yin rasuwa a unguwar ba ta kai kunu ba.

Zahara'u ta sake gwada waya. Ba ta shiga. Ta gwada sau huɗu.

Na wanke gashin, na raba uku na kitse, na yi wankan ƙarshe da kafur. Na tsane ta. Ba sauran abin yi. Likkafani yana ninke a kan tabarma, Malam Namadi da kansa ya tsaya aka yanka. Na warware shi na ce wa Zahara'u ta je ta ce zanen ya yi gajere.

Ba ta kai ga fita ba muka ga inuwarsa a labule. Bai shigo ba, ya tsaya daga waje da sandarsa.

"Mu'minatu."

"Na'am, Malam."

"Ni na auna shi. Kamu nawa kika so?"

Na sunkuya ina gyara bakin likkafanin.

"Shekara nawa kina wanka garin ga? Ban taɓa jin kin wuce rabin awa ba. Mutum fuɗu sun tashi. Liman na zaune tun tara, tsoho da ciwon ƙafa. Hakkin wa kika ɗauka haka? Na mamaciya ko na masu rai?"

Na ce, "Malam, yarinyar ga ta kira ni ran Talata. Ta tambaye ni uwatta. Ni nac ce mata mura ce."

Labulen ya yi ta kaɗawa. Ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa, da takalmin roba mai laka.

"Wa ya sa ki?"

"Kulu. Amma bakina ne ya faɗi."

Ya gyara riƙon sandarsa. Na ɗauka zai ce a ƙara jira. Sai ya ce, "Ki ɗaure. Allah ya san nufin kowa."

Na ɗaure. Na sa mata riga da zane da kallabi, na naɗe ta, na ɗaure ƙafa, na ɗaure tsakiya. Da na zo kai na tsaya na dube ta. Bakinta ya ɗan karkace kamar lokacin da take shirin faɗin abin dariya. Na ja ƙyallen na rufe, na ƙulla. Zahara'u ta fashe da kuka, matan da ke tsakar gida suka ɗauka.

Mannir da maza uku suka shigo da makara. Suka ɗora ta, suka ɗaga. Na bi su har bakin zaure, inda mata ke tsayawa. Aka yi tsawa mai tsawo daga gabas. Ta ƙofar waje ina hango mutane sun miƙe suna gyara sahu, rigunansu na tashi a iska.

Suna tsakiyar zaure Malam Namadi ya ce, "Ku aje."

Mannir ya ce, "Baba?"

"Na ce ku aje. Alwalata ta warware."

Ya faɗe ta da ƙarfi, yadda na waje za su ji. Dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda ko tari ba ya so a ji ya yi a cikin mutane. Wani a waje ya ce, "Malam, ai sai ka yi taimama, ga hadari."

"Da ruwa cike da randa? Wa ya karantar da kai? Ku ba ni buta."

Aka kawo buta. Ya jingine sanda, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga, wannan sannan wancan. Ya cire hula ya rasa inda zai ajiye, ya miƙa wa Mannir. Ya wanke hannu sau uku. Ya kurkure baki ya daɗe yana kurkurewa. Ya tsefe gemu da yatsu kamar mai neman wani abu a ciki. Da ya zo ƙafa ya girgiza butar ya ce ruwa ya ƙare, alhali ina jin motsinsa. Aka tafi ƙarowa. Har yau ban sani ba ko alwalar ta warware da gaske, ban kuma tambaye shi ba.

Yayyafi ya fara, manya-manyan ɗigo. Mutum biyu suka ƙara tashi. Ya wanke ƙafar dama, yana bin tsakanin yatsu ɗaya-ɗaya. Ya kama ta hagu. Ya gama. Ya zauna a tsugune da butar a hannu, ba sauran gaɓar da zai wanke, kowa yana kallonsa. Na ga ya dafa bango zai miƙe.

Sai muka ji babur ya shigo lungu, yana tari kamar zai mutu.

Nasiha ba ta jira ya tsaya ba. Ta ratsa ta cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba, hijabinta jiƙe har wuya, laka har cinya, hannu ɗaya tallafe da ciki, ƙafa ɗaya ba takalmi. Mazan da ke zaure suka fita da kansu. Malam Namadi ya juya baya, ya tsaya ya cika ƙofar.

Na durƙusa na kwance ƙullin kai. Na ƙulla shi da ƙarfi ɗazu, sai da na sa haƙori. Na buɗe.

Nasiha ba ta yi kururuwa ba. Ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta goge hannunta a hijabi, ta ga bai goge ba, ta sake gogewa a zanena. Sannan ta ɗora shi a goshin uwarta.

"Inna, ga ni. Na zo."

Ta yi ta kallo. Ta gyara mata bakin kallabi, wanda ba abin da ya same shi. Ta yi addu'a a hankali, ban ji me ta ce ba.

"To," in ji Malam Namadi, bai waiwayo ba.

Ita ta ja ƙyallen ta rufe, ni na ƙulla. Aka fita da Kulu. Sahu biyu ne suka rage, a cikin ruwa suka sallace ta, a cikin ruwa suka tafi da ita. Ruwan bai ɗauke ba sai bayan azahar. Geron Malam Namadi ya sha shi duka, rabinsa ya yi baƙi. Bai taɓa ta da maganar ba, ko da aka zo sadakar uku.

Na kai Nasiha ɗakina, don nasu cike yake da mata. Na ba ta busasshen hijabi, ta ƙi sake zane. Ta zauna a bakin gado tana kallon ƙofa.

"Gwaggo," ta ce, "kin ce mura ce."

"Na ce."

Na jira sauran maganar, ba ta zo ba. Na sunkuyar da kai, sai na ga gefen zanenta cike da ƙarangiya, ta inda suka ratsa gonaki suna kauce wa laka. Wasu sun kama ƙwaurinta har da jini. Na zauna a ƙasa na ɗauki bakin zanen na fara cirewa, ina tarawa a murfin kwano. Ta ɗan ja ƙafarta baya. Can kuma ta miƙo mini ɗaya ƙafar.