Ƙasar Inna Azumi

Inna Azumi ta tuɓe takalmanta, ta dangwara su gaban mai unguwa kamar kifin da ya kwana.

"Ƙara na kawo. Ɗana Yacouba."

"Alhaji Yacouba mai albasa? Mi ya yi miki, Inna?"

"Ya binne mini ƙasa!"

Da ƙyar mai unguwa ya kama bakin zaren. Ashe tun da Alhaji ya ɗauko ta daga Garou, ya shafe tsakar gidan kakaf da siminti, ya kuma hana ta fita ba takalmi, wai kada a ce uwar Alhaji na yawo kamar mai shukar shinkafa.

"To da mi nike? Da shukar shinkafar na raine shi! Can in na taka laka da sahe, zahin jikina duk ƙasa ka shanye shi, in kama tasbihi raina kwance. Nan hwa? Ƙahwa kumbure, barci babu. Ko taimama ta kama ni, sai na aika maƙwabta aron ƙasa. A hwasa mini daidai tabarma guda, ko in koma Garou yau."

Mai unguwa ya yi ta shafa gemu yana danne dariya.

"Inna, ki tahi bakin ruwa, ƙasan gada. Yanzu. Shari'arki na can."

Ta hau kabu-kabu tana yi wa mai tuƙin faɗa har suka isa. Can a kan rairayi, bayan masu wankin buhuna, sai ga Alhaji Yacouba da tumbinsa, wando naɗe zuwa gwiwa, takalma a hammata, yana ɗaga ƙafa ɗaiɗai kamar kaza a kan garwashi.

"Sannu, mai shukar shinkahwa!"

Takalmi ɗaya ya suɓuce masa.

"Inna... likita ne. Hawan jini. Ya ce in riƙa taka ƙasa da sahe, in sha iskar gulbi."

"Yaushe ka hwara?"

"Tun damina."

"Tun damina! Ni kuwa ka ƙunshe ni cikin roba kamar ƙanƙara." Ta dubi tafin ƙafarsa, fari fat. "Ba ma haka aka takawa ba. Aje dugadugan, ƙasa ba ta cizo."

Ta shige gabansa tana nutsa ƙafa cikin danshi. Ya biyo ta yana cije leɓe, masu wanki na kallo.

Washegari magini ya zo da diga, ya fasa daidai tabarma ɗaya a gindin darbejiya. Inna Azumi ta yayyafa ruwa da kanta, ƙanshin ya cika gidan.

Kwana ɗaya bayan haka, da ta fito bayan sallar asuba da tasbihinta, ta tarar an riga ta. Alhaji ne tsaye a tsakiya, ido rufe, yatsun ƙafa nutse cikin ƙasa.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Matsa," ta ce. "Rabi naka. In ba ya isa, ka san gidan magini."